Yadda Ake Nemo Tsofaffin Abokan Sakandare da Riƙe Amanar Waɗanda Suka Riga Mu

Yawancin 'yan aji ɗaya ba sa neman juna sai an yi rashi. Mutum zai ga hoto a Facebook an rubuta "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a samansa, ya ƙura ido, sai ya ga ashe wane ne, wanda suka shekara shida suna kwana a gado sama da ƙasa. Ya kira mutum biyun da yake da lambarsu, a yi ta salati, a ce wallahi ya kamata mu haɗu, daga nan kowa ya kama gabansa sai kuma wata rasuwar. Wannan bayani na wanda ya gaji da hakan ne, yana so ya tattaro 'yan ajinsu, a san wa ke raye, wa ya riga mu gidan gaskiya, sannan a yi wa mamatan abin da zai amfane su da iyalan da suka bari.

Manyan makarantun Arewa sun daɗe da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, tana da BOBA. Kwalejin Rumfa ta Kano, mai asali tun 1927, tana da RUMFOBA. Makarantun kimiyya na Kano, waɗanda suka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, suna da KASSOSA. Amma uwar ƙungiya ba ta san wanda ke kwance a asibiti ba, ba ta san matar wa ke takaba ba. Wannan aikin 'yan aji ne, waɗanda suka ci gabza a kwano ɗaya. Don haka ko makarantarku tana da uwar ƙungiya ko ba ta da ita, daga ajinku za ku fara.

Mataki na farko: samo abokan aiki

Kada ka ɗauki aikin kai kaɗai, za ka gaji kafin wata biyu. Nemi mutum uku zuwa biyar, kuma kada su zama duk 'yan majalisarku ɗaya. A samu na ajin kimiyya da na ajin fasaha, a samu daga gidajen kwana daban-daban, in makarantar tana da 'yan jeka-ka-dawo a sa ɗaya daga cikinsu. In maza da mata ne, dole a sa mata aƙalla biyu. Wanda ya fi amfani a nan ba lallai ne shugaban ɗalibai na wancan lokaci ba. Sau da yawa monita ne, wanda ya saba rubuta sunayen masu surutu, ko kuma shi mai surutun, wanda ya san laƙabin kowa da garin kowa. Kuma a ganina kuskure ne a ɗora wanda ya fi kowa kuɗi ko muƙami a kan gaba tun yanzu. Ba shi da lokaci, kuma sunansa kaɗai yana sa wasu su ja baya.

Mataki na biyu: rubuta sunan kowa da kowa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Suna buɗe zauren WhatsApp, kowa ya jefo wanda yake da lambarsa, a samu mutum arba'in a ce an haɗu. To sauran fa? Ajin da ya fita da mutum 180 bai haɗu ba don an ga 40.

Ku zauna da babban littafi da biro, ku fara da abin da ke kanku. Kada ku ce kowa ya faɗi wanda ya tuna, ƙwaƙwalwa ba ta aiki haka. Ku bi wuri-wuri. Ku shiga aji da zuciyarku, layin farko daga bakin ƙofa: wa ke zama a nan, wa ke bayansa, wa ke jikin taga? Ku koma ɗakin kwana ku bi gado-gado. Ku je teburin cin abinci, ku tuna wa ke rabo. Ku jero 'yan ƙwallo goma sha ɗaya, da mai jan salla, da mai kiran salla, da 'yan wasan kwaikwayo, da waɗanda kullum suna cikin masu yankan ciyawa saboda makara. Za ku yi mamakin sunayen da za su fito. Tsofaffin hotuna ma suna taimakawa, musamman na ranar gama jarrabawa, domin akwai masu rubuta sunaye a bayan hoto.

Daga nan sai makaranta. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa ga shugaban makarantar, mutum biyu su kai da kansu, su yi bayanin ko su wa ne da abin da suke nema. Abu biyu za ku roƙa a nuna muku: babbar rajistar shiga makaranta, da takardar sakamakon jarrabawar fita ta shekararku, wadda ke ɗauke da sunaye da lambobin jarrabawa. Ku san wace shekara da wace jarrabawa kuke nema. Waɗanda suka yi tsohon tsari na aji ɗaya zuwa biyar daban suke da 'yan tsarin 6-3-3-4, wanda rukuninsa na farko ya zauna jarrabawar SSCE a 1988. Daga shekarar 2000 kuma NECO ta shigo, saboda haka akwai wanda sunansa zai fito a takardar NECO amma babu shi a ta WAEC.

Rajistar shiga ta fi muhimmanci, ga dalili. Takardar jarrabawa ta waɗanda suka kai ƙarshe ce kawai. Babu wadda aka cire a aji uku aka yi mata aure, babu wanda aka maimaita wa aji, babu wanda mahaifinsa ya rasu ya koma kasuwa, babu wanda ya rasu tun kuna makaranta. Duk waɗannan 'yan ajinku ne. Kada ku nemi a ba ku rajistar ku tafi da ita, ba za a ba ku ba, kuma bai kamata ba. Ku ɗauki hoton shafukan da waya. In kun tarar gara ta ci ko yoyo ya lalata, ku tambayi tsohon magatakarda ko masinja da ya daɗe a wurin, sannan ku gwada ofishin ilimi na shiyya.

A littafinku kowane suna ya samu layinsa: cikakken suna kamar yadda yake a rajista, laƙabin makaranta, gidan kwana, garin asali, lambar waya, inda yake yanzu. A ƙarshen layi a sa ɗaya daga alamomi uku: an same shi, ana nema, ko an ce ya rasu. Ku lura, "an ce" na rubuta. Za mu zo kan wannan.

Laƙabi ba abin wasa ba ne a wannan aiki. Akwai wanda duk makaranta ba ta san sunansa na yanka ba, Dogo kawai ake ce masa. Akwai kuma masu suna iri ɗaya har uku a aji guda, da sunan gari ake bambanta su.

Mataki na uku: fita nema

Ku raba sunayen "ana nema" bisa garuruwa, kowa ya ɗauki yankin da ya fi sani. Wayar salula ba ta fara yaɗuwa a Najeriya ba sai 2001, don haka waɗanda suka fita kafin lokacin sun rabu ba tare da lambar juna ba. Ko lambar da kake da ita ta shekara goma, kada ka amince da ita kai tsaye, kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Ka fara da tambayar da wa kake magana kafin ka ɓarke da "Kai shege, kana nan?"

A Facebook ka gwada suna haɗe da gari, ko suna haɗe da makaranta, ka kuma sauya rubutun: Muhammad, Mohammed, Muh'd, Mamman. In makarantar tana da shafin tsofaffin ɗalibai, ka duba masu tsokaci a ƙarƙashin tsofaffin hotuna. Amma intanet tana nemo maka waɗanda dama ba su ɓata ba ne. Sauran sai da ƙafa. Ka je garinsu, ka nemi unguwarsu, ka yi sallama da mai unguwa ko limamin masallacin unguwar, ka faɗi sunan mahaifinsa in ka sani. A tasha ma ana samun labari, haka a kasuwa wurin masu sana'ar gidansu. Ka tuna kuma an yi ta ƙirƙiro jihohi: Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe sun samu a 1991, Zamfara da Gombe a 1996. Abokin da kuka yi makaranta a tsohuwar jihar Kano, in ɗan Haɗeja ne ko Gumel kuma ma'aikacin gwamnati, a Dutse za ka fi saurin jin ɗuriyarsa. In kun ƙure, sanarwa a gidan rediyon jiha har yanzu tana aiki, ko shi bai ji ba wani nasa zai ji.

Neman mata yana da nasa ladabi. Mace ce ke kiran mace. Da yawa sun koma amsa sunan miji, a unguwa kuma Maman wane ake ce musu, don haka ta gidan iyaye ko ta 'yan'uwa maza ake bi. Kada namiji ya samu lambar matar aure ya kira ta da dare wai zumuncin makaranta, zai haɗa mata rigimar da ba ta nema ba. Kuma kada a jefa ta zauren da ke da maza sai ta ce ta yarda, ita ta san gidanta.

Kiran farko ya zama gajere. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da laƙabinka da gidan kwananku, ku gaisa, ka tambayi iyali, ka faɗi abin da kuke yi, ka nemi izinin rubuta lambarsa. Kada ka tambaye shi aikin me yake yi, zai faɗa in yana so. Kada ka ambaci kuɗi ko kaɗan.

Za ka haɗu da wanda zai amsa a sanyaye, ko ya ce zai kira bai kira ba. Kada ka yanke masa hukuncin girman kai. Wani rayuwa ce ba ta yi masa yadda ya so ba, yana jin nauyin shiga cikin waɗanda ake kira dakta da injiniya da darakta, alhali shi ne yake zuwa na ɗaya a aji. Wani ciwo yake fama da shi. Wani kuwa makarantar ba ta bar masa abin tunawa mai daɗi ba, ya sha duka da cin zali. Irin waɗannan ba a tura musu gayyatar zaure, zuwa ake yi, mutum ɗaya wanda suka fi shaƙuwa, a zauna a sha shayi. In ya ce a ƙyale shi, a ƙyale shi, amma a riƙa yi masa barka da Sallah. A lissafina waɗannan su ne suka fi cancantar wahalar neman, domin su ne ake jin rasuwarsu bayan shekara uku.

Mataki na huɗu: tabbatar da rasuwa kafin a sanar

Ba a mayar da "an ce ya rasu" zuwa "ya rasu" sai an ji daga bakin ɗan gidansu: mahaifi, ɗan'uwa, mata, ɗa, ko maƙwabcin da ya halarci jana'iza. An sha yi wa mai rai addu'ar mamaci saboda takwaransa ne ya rasu, kuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga iyalinsa su ga hotonsa yana yawo. Ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin sanarwa, kowa ya ji labari ya kai masa, shi ya bincika.

In ta tabbata, ku buɗe masa shafi a wani sashe na littafin: shekarar rasuwa, garin da aka binne shi, iyayensa suna raye ko a'a, mata da 'ya'ya nawa ya bari da shekarunsu, da wanda ke riƙe da su yanzu. Sanadin rasuwa ba dole ba ne. In iyali ba su faɗa ba, kada ku tona, kada kuma a bar masu hasashe su yi ta "na ji an ce". Hoton gawa ko na wurin hatsari kada ya shiga zaurenku, 'ya'yansa suna iya cin karo da shi wata rana. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wannan ya shafi har barkwancin makaranta. Labarin yadda marigayi ya tsallake katanga ya tafi kallo yana da daɗi a tsakaninku, amma ku auna ko zai so ɗansa ya ji.

Mataki na biyar: zauren WhatsApp

Sai yanzu ya kamata a buɗe shi. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024, don haka wuri ba matsala ba ne, tarbiyya ce matsala. Ku yi biyu: na sanarwa, wanda masu kula kaɗai ke rubutu, da na hira. In ba haka ba, sanarwar rashin lafiyar wani za ta nutse a ƙarƙashin saƙon barka da Juma'a guda saba'in. Siyasar jam'iyya da gardamar aƙida su suka fi kashe irin waɗannan zaurukan, a hana su tun ranar farko, kuma dokar ta hau kan kowa har mai muƙami.

Kowa ya kunna tabbacin mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri, a WhatsApp ɗinsa. 'Yan damfara suna kiran mutum su ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro ta intanet, ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa. Yana karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗinsa, sai su bi 'yan aji ɗaya-ɗaya da sunansa suna neman rance. Duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, a kira shi a ji muryarsa.

Mataki na shida: zuwa ta'aziyya, ko an makara

Mutane suna jin kunyar zuwa gidan da aka yi rasuwa shekara biyar da ta wuce, suna ganin za su tayar da mikin da ya warke. Ku je. Zaman makoki kwana uku ne, kuma a kwanakin gida cike yake, ba a ma gane wa ya zo. Bayan arba'in ƙafa take ɗaukewa, daga nan ne iyali ke sanin wa ya damu da su.

Ku sanar kafin ku zo, ta hannun namiji babba a gidan. Kada ku wuce mutum huɗu ko biyar, kada ku ɗora musu nauyin girki, tsakanin la'asar da magariba ya isa. Ku riƙe abin da ya sawwaƙa: shinkafa, mai, sabulu, ko ɗan kuɗi a ambulan. In matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta faɗa, mata su shiga wurinta, maza su tsaya a zaure wurin mazan gidan.

In mahaifiyarsa tana raye, ita ce farkon wadda za ku nema. Ku durƙusa ku gaishe ta: "Mama, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri? Mu abokan karatun marigayi ne, labari bai iso mana da wuri ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari." Bayan addu'a kada ku miƙe nan da nan. Kowannenku ya zo da alheri ɗaya na gaskiya da ya sani game da shi. Ka ce, "Mama, lokacin da na yi zazzaɓi a aji biyu, shi ya riƙa karɓo mini abinci yana wanke mini kaya." Ko ka gaya wa ɗansa cewa babansa ne ke tashin ɗakinsu sallar asuba, ko shi ya koya wa rabin aji lissafi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Waɗannan shekaru ne da iyalinsa ba su gani ba, ku kaɗai kuke da su. In kuna da hotonsa na makaranta, ku wanke babba ku kai musu. Amma kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar iyalin da kayan da kuka kawo don ku tura zaure. Rahoto da baki ya wadatar.

Akwai maganar bashi, wadda ake yawan tsallakewa. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ku keɓe da babban gidan ku tambaya a hankali ko marigayi ya bar bashin da ba a biya ba. Sannan ku yi cigiya a tsakaninku: duk wanda marigayi ke binsa wani abu, ya kai wa magada, haƙƙinsu ne, ba a mayar da shi sadaka da sunan mamaci ba tare da izininsu ba. Wanda kuma yake bin marigayi, ya faɗa a biya shi ko ya yafe a fili.

Wannan ziyara takan tuna wa mutane cewa akwai masu rai da ya kamata a nemi yafiyarsu. Wanda ya san ya zalunci wani a makaranta, ya ƙwace masa gari da sukari ko ya sa aka yi masa bulala a kan ƙarya, ya kira shi su biyu ya roƙe shi ya yafe masa. Kada ya ce ai yarinta ce. Wanda aka yi wa bai manta ba.

Mataki na bakwai: abin da za a yi wa mamatan

Addu'a ce kan gaba, kuma kowa zai iya. Aya ta 10 ta Suratul Hashri ta koya mana roƙa wa 'yan'uwan da suka riga mu gafara. A kan taruwa don saukar Alƙur'ani ko sadakar arba'in, malamai sun saɓa, kuma a ajinku akwai ɗan Izala akwai ɗan ɗariƙa. Kada ku mayar da zaure fagen wannan muhawara. Ku tsaya a kan abin da kowa ya yarda da shi, wato addu'a da sadaka da kula da marayu, wanda yake son ƙari ya yi a gidansa. In akwai Kiristoci a ajin, kamar yadda yake a makarantun tarayya da na Kaduna da Filato da sauran wurare, mamatansu suna cikin littafin daidai da kowa. A je wa iyalansu gaisuwa, a tallafa wa 'ya'yansu daga asusu ɗaya, su kuma su yi addu'arsu bisa addininsu.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Da yawa suna jin sadaka mai gudana sai hankalinsu ya tafi kan rijiyar burtsatse da allon suna a jiki. Rijiya alheri ce, musamman a makarantar da kuka sha wahalar ruwa. Amma in aka ce in zaɓa, karatun 'ya'yan marigayi zan sa a gaba, domin yaron da aka tsaya wa ya yi ilimi da tarbiyya shi ne ɗan da zai yi addu'ar. Ga kuma hadisin Bukhari da Annabi (SAW) ya yi nuni da yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai kula da maraya za su kasance a Aljanna.

Ku fara da ƙidaya: marayu nawa, aji nawa suke, me ya fi gaggawa. Kuɗin makaranta da na rajistar WAEC, NECO ko JAMB a biya kai tsaye a karɓo rasit, maimakon a miƙa a hannu. Ba zargin kowa ake yi ba, gidan da babu abinci dole kuɗin makaranta ya koma tukunya. In uwar yaran tana da sana'a, ƙara mata jari ya fi buhun shinkafa na shekara-shekara. Kuma komai za a yi, a bi ta hannun wanda ke riƙe da yaran, kada ku shiga gidan mutane kamar kun fi danginsu sonsu. Taimako ba kuɗi kaɗai ba ne: likitan cikinku ya duba mahaifiyar marigayi, lauya ya bi musu haƙƙoƙinsa na wurin aiki da suka maƙale, mai shago ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa kasuwa.

Kuɗin wata-wata ya zama wanda mafi ƙarancin samu a cikinku zai iya biya. A misali, mutum 60 in kowa ya ba da naira 2,000, an tara 120,000 a wata, mai hali kuma ya ƙara a ɓoye. Kada kuɗi su zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, shi ma mai mutuwa ne, kuma ranar da ya faɗi kuɗinku sun shiga cikin gado. A buɗe asusun da sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. In abin ya girma, ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, za a nemi tsarin mulkinku da sunayen amintattu da sanarwa a jarida. Ma'aji ya riƙa fitar da lissafi duk wata: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Amma jerin sunayen waɗanda ba su biya ba kada ya fito a zaure, a bi su ta waya.

Mataki na takwas: ranar haɗuwa

Kwana biyu ko uku bayan Sallah, ko hutun ƙarshen shekara, lokacin ne na nesa ke gida. A sanar wata uku kafin ranar. In hanya da tsaro sun ba da dama, a yi a makarantar, ya fi otal araha da ma'ana, in ba su ba da ba a zaɓi garin da ya fi kusa da mafi yawa. A fara da hantsi a tashi kafin la'asar don masu komawa kada dare ya yi musu a hanya. In za a yi anko, a zaɓi yadi mai sauƙin kuɗi, a kuma aika wa wasu nasu da kuɗin mota ba tare da kowa ya sani ba. Babban tebur na malamanku ne da suka rage, a aika mota ta ɗauko su, a ba su abin goro. Ku kuwa kowa ya zauna inda ya samu, ranar babu ranka ya daɗe a tsakaninku.

Bayan buɗe taro da addu'a, kafin abinci da raha, mutum ɗaya mai natsuwa ya karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, da laƙabi da gidan kwana da shekarar rasuwa, har da malaman da suka rasu. Bayan kowane suna a ba wanda ya fi kusa da shi minti ɗaya ya faɗi alherinsa. In an gayyato manyan 'ya'yansu, a zaunar da su cikin mutunci, kada a tsayar da su a gaban jama'a ana nuna su a matsayin waɗanda aka taimaka wa. Daga nan a karanta sunayen da har yanzu ake nema, sau da yawa a cikin taron wani zai ce ai na gan shi a Legas ko a kasuwar Dawanau.

Mataki na tara: bayan an watse

Kafin a tashi, kowane gidan marigayi a damƙa shi ga mutum biyu da ke zaune kusa, su riƙa leƙawa aƙalla kafin azumi da lokacin komawa makaranta, su kawo rahoto ga kwamiti kaɗai. Sauran sunayen "ana nema" a sake raba su. A kowane gari da kuke da mutum uku ko fiye, a naɗa wanda za a fara kira in an kwantar da wani ko an yi rasuwa, domin jana'iza ba ta jiran na nesa. Littafin kuma a yi masa kwafi uku, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin wani a wani gari, ɗaya a kwamfuta, a riƙa sabunta shi duk bayan wata shida. Shafukan da ke ɗauke da bayanan marayu da lambobin matan aure kada su fita daga hannun 'yan kwamiti.